Ku da Ba Ku da Damuwa, Me Ya Hana Ku Barci?

Tun ranar da na yi suɓul-da-baka a teburin mai shayi a Kwargaba na ce yawan damuwa ciwo ne, ban sake shan shayina cikin kwanciyar hankali ba. Duk inda na sa tabarma sai an samu mai tsokana. Wani dattijo manomin tafarnuwa, wanda nake kira Baffa, shi ya buɗe fage. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗan nan, mi ad damuwa kuma? Wagga cutar 'yan boko ta. Mu nan haƙuri munka gada." Majalisa ta kwashe da dariya. Wani ya ce tun da na je birni na dawo da tabarau ya san ba zan ƙare lafiya ba.

To, na ji. Na kuma sha dariyar tare da ku. Yau dai ranar ramuwa ce, kowa ya gyara zama.

Baffa, Allah ya ba ka yawan rai, tambaya ɗaya nake da ita. Shekaranjiya wajen ƙarfe biyu na dare, wa na hango da tocila yana zagaya rudun albasa, yana ɗaga ciyawa yana sunsunawa? Ɓarawo ba ya yin tari irin naka, kuma ɓarawo ba ya tsaki yana lissafi da yatsu. Ka ce min albasa kake dubawa kada ta ruɓe. Albasar da ka duba bayan La'asar, ka sake dubawa bayan Isha'i, a cikin awa biyar me za ta yi? Tafiya Legas? Kai dai ka faɗi gaskiya, kwana ne ya ƙi zuwa (mutanen Kano su sani, a wajenmu kwana shi ne barci), ka ga zaman gado ya gagara, ka fita neman abokin hira, ba ka samu kowa ba sai albasa.

Mu Hausawa gwanaye ne wajen sauya wa abu suna. Ba za mu ce damuwa ba, sai mu ce "jikin ne dai ba ya min daɗi". Mu ce kai na sarawa, wuya ya riƙe, ƙirji na zafi, abinci ba ya shiga. Daga nan sai kemis, kuma kafin a buɗe baki mun riga mun yanke wa kanmu hukunci: taifot da maleriya. Akwai mutumin da na sani, a shekara guda ya yi taifot sau shida, kuma abin mamaki duk lokacin da taifot ɗin zai tashi, sai ya zo daidai da satin da mai taki zai zo karɓar kuɗinsa. Taifot mai ilimin lissafi ke nan. Ban ce babu zazzaɓin gaske ba, wanda ke zaune bakin fadamar Rima ba a ba shi labarin sauro, kuma mai zazzaɓi ya je a gwada jininsa. Amma labarin zuciya a tambayi fuska, kuma fuskokin da nake gani ranar da farashin buhu ya faɗi ba sauro ne ya cije su ba.

Bari in faɗa muku abin da likitoci suka sani, da harshen lambu. Allah ya sa wa jikin ɗan Adam ƙararrawa. Idan ka taka wutsiyar kububuwa a cikin fangali, nan take wasu 'yan ƙulli da ke saman ƙoda za su zubo sinadarai cikin jini, ɗaya ana ce masa adiranalin, ɗaya kotisol. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, sukari ya ƙaru a jini don ƙafa ta samu ƙarfi, ciki ya dakatar da niƙan abinci. Wannan rahama ce, da ita kake tsira. Amma an yi ta ne don 'yan mintoci: ka yi tsalle, maciji ya wuce, jiki ya koma daidai. Matsalar ita ce jiki bai san bambancin kububuwa da bashi ba. Kububuwa takan wuce, bashi kuwa yana nan da safe, yana nan da dare, har cikin sallah yakan biyo mutum ya tsaya masa a raka'a ta uku. Sai ƙararrawa ta yi ta kaɗawa wata da watanni. Wane ne a cikinku zai tayar da injin ban-ruwa ya bar shi yana ruri dare da rana, babu hutu, babu juyen baƙin mai? Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, na ga yadda kuke lallaɓa injin nan kamar amarya, kuna kashe shi da zarar fangalin ƙarshe ya sha. Injin da aka sayo a kasuwa kuna tausayinsa, wanda ke cikin ƙirjinku kuwa ko oho.

Na san wanda zai ɗaga yatsa yanzu. Malam ne, mai zama a gefen tabarma da carbi, wanda ya ce min a hankali, "Rashin tawakkali ne ke kawo wannan duka." Allah gafarta Malam, ni ɗalibinka ne, ba zan yi jayayya da kai a kan tawakkali ba. Sai dai a bakinka na fara jin labarin Annabi Yaƙuba, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari. A bakinka na ji cewa akwai shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta. Waɗannan ai ba tawakkali suka rasa ba. Kuma ga Wurno nan kusa da mu, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, inda ya rasu a 1837, kabarinsa na nan ana ziyarta. Mutumin da ke da daula a wuyansa, da yaƙi gabas da yamma, ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido, har da basir. Ashe magabata ba su ɗauki neman sauƙin jiki a matsayin raunin imani ba. In basir ya isa a ɗauki alƙalami dominsa, ƙuncin zuciya bai isa a ambace shi a majalisa ba?

Inda muka saɓa da Baffa shi ne ma'anar haƙuri. Abin da da yawanmu ke kira haƙuri, haɗiya ce. Mai haƙuri ya san abin da ke damunsa, ya faɗa wa Ubangijinsa, ya faɗa wa amininsa, ya yi abin da zai iya, ya bar saura. Mai haɗiya kuwa cewa yake "ba komai", haƙora a cije, jijiyar goshi a tsaye. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, amma waɗanda suka faɗi haka su ne kuma suka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, ku gafarce ni masu cin abinci.

Ku dubi madatsar ruwan Goronyo. An gama gina ta a 1984, an yi ta ne don ta riƙe ruwa wajen kubik mita miliyan 942, da ita ake shayar da Sakkwato da gonakin rani. Duk girman nan nata, waɗanda suka zana ta sai da suka yi mata ƙofofi, domin sun san abin da ke tara ruwa dole ya riƙa saki kaɗan-kaɗan. Wanda ya ga damina ta 2010 ba sai an yi masa bayani ba. A watan Satumba ruwa ya fi ƙarfin wurin zamansa, ya bi kwarin Rima ya shafe gonaki da gidaje daga Goronyo zuwa Wurno da Kware, har ya yanke hanyar jami'a a Sakkwato. Irin wannan ambaliyar ina ganinta a cikin gidaje. Maigida ya haɗiye wulaƙancin dillali, ya haɗiye tsadar taki, ya haɗiye gorin surukai, wata uku yana "ba komai". Ran nan yaro ya zubar da kofin kunu, sai ƙofofi goma su ɓalle a kan yaro da uwarsa. A ce wai kunu ne ya jawo. Kunu bawan Allah, me ya sani?

Abin da ya fi ba ni dariya a gardamar nan shi ne, ku da kuke cewa ba ku san cutar ba, ku ne kuka gaji maganinta. Kun ɗauka banza kakanninmu suka ƙirƙiro wasan taubasai? Ɗan mace da ɗan namiji su haɗu, a yi ta ba'a har hawaye, ba mai fushi. Jika ya ce wa kakarsa matata, ta ce ba ta son miji marar ko sisi. Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi, kowa da wanda zai zuba wa abin da ke ransa a cikin raha. Ƙofofin madatsa ke nan. Ga gayya, inda aikin da zai karya bayan mutum ɗaya ake gama shi kafin Azahar da kiɗa da fura. Ga adashi. Ga hirar dandali bayan Isha'i. Ga ƙailula, ɗan barcin rana da malamai suka daɗe suna kwaɗaitarwa a kansa tun kafin likitocin Turai su gano amfaninsa. Ga sahun sallah sau biyar, inda in ba a gan ka ba kwana biyu za a aiko a ji ko lafiya. Kuma ku kuka ce rai dangin goro ne, ban iska yake so. Mai sayar da goro ya san in bai buɗe huhu ya yayyafa ruwa ya sauya ganye ba, asara zai kwasa. Ni ban zo muku da sabon abu daga birni ba, kayanku ne na tarar kun zubar a bola na tsinto muku.

Da me kuka musanya su? Da waya. Majalisar da a da ake raba dare ana tatsuniya da ba'a, yanzu mutum takwas ne a tabarma, kowa fuskarsa na haske kamar an kunna masa aci-balbal a haɓa, kowa na kallon gobarar wata ƙasa da bai san inda take ba. A tura maka murya a WhatsApp cewa an ga mahara a wuri kaza, ba ka san wanda ya yi ta ba, ba ka san ko ta bara ce ba, ka tura wa mutum arba'in, dukanku ku kwana zaune. Lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato a watan Satumban 2021, kowa ya ɗanɗana kuɗarsa, ciniki ya tsaya, ba ka jin labarin ɗan'uwa, ba na fatan a maimaita. Amma a cikin wahalar nan na lura da abu guda: mutane sun koma kallon fuskar juna in suna magana. Ba sai gwamnati ta kashe maka waya ba, akwai ɗan maɓalli a gefenta, in ka danna bayan Isha'i ba a kama ka.

Sai shayi. Mai shayi ya yafe ni, ba cinikinsa nake son kashewa ba. Sinadarin da ke cikin ganyen shayi da goro da kofi mai hana barci, rabinsa na nan cikin jini bayan awa biyar da sha. Ka dafa ganye ya yi baƙi kamar tawada, ka sha zagaye uku ƙarfe goma na dare, ka ɗora goro ɗaya a kai, sannan ka zo kana cewa maƙiya sun sa ka gaba ba ka iya kwana. Maƙiyinka na cikin buta. Na samari ya fi muni, masu haɗiyar tiramadol don su yi aikin mutum uku a lambu, ko su manta abin da ke ransu. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda irin wannan ɓarnar. Ƙwaya bashi ce da ruwa, ta ba ka ƙarfin yau ta karɓe na shekara.

Wani matashi mai kabu-kabu ya tare ni a hanyar Achida ya ce, "Yaya, bar wahal da kanka. Ba ni miliyan ɗaya ka ga in damuwa ba ta gudu." Ƙanena, rabin maganarka gaskiya ce, kuma ba zan yi maka ƙaryar masu ƙoshi ba. Yunwa ba ta jin nasiha, kuma wanda bai san inda kwanon dawar gobe zai fito ba, ba numfashi yake nema a koya masa ba. Sauran rabin kuwa, je ka tambayi Alhajin da ya loda tirela biyu ta albasa ta nufi kudu, direba ya daina ɗaga waya tun Kwantagora. Ka ga idonsa? Kai aƙalla in ka ajiye babur kana minshari.

Abin da nake cewa ba shi da yawa. Damuwa iri biyu ce, akwai mai mariƙi, akwai marar mariƙi. Bashi yana da mariƙi: ka zauna da rana tsaka, ba da tsakar dare ba, ka lissafa nawa ne, ka taka da ƙafarka ka je wurin mai shi kafin ya zo, ka ce ga abin da zan iya, ga lokacin da zan iya. Kunyar minti goma ta fi ɓuyan wata uku, ana ganin ka kana sauya lungu kamar ɓera. Albasa tana da mariƙi: kowa ya san farashi na faɗuwa lokacin da kowa ya cire, ya tashi bayan watanni, kuma kowa ya san wadda aka ajiye tana raguwa tana ruɓewa. In ka sayar da kashi ɗaya ka biya mai taki, ka ajiye saura, ka sayi barcinka ke nan. Amma ko za a yi ruwa a watan gobe, ko dala za ta tashi, ko me surukarka ke nufi da kallon da ta yi maka ranar suna, waɗannan ba su da mariƙi. Nan ne wurin tawakkalin Malam, kuma nan ne ba ma kai shi. Mun juya abin: wanda ya kamata mu tashi mu yi, mun ce sai Allah, wanda ke hannun Allah kuma mun ɗauko mun ɗora a kai muna zagaya rudu da shi.

Inna, na ji ki tun ɗazu daga bayan zana. Kin ce, "Ku maza kun samu wuri, har da wani ƙailula. Ni wa zai riƙe min muciya in yi tawa?" A nan na sauke hula. Wadda ta tashi kafin kiran Assalatu, ta yi surfe, ta hura wuta, ta sallami 'yan makaranta, ga goyo, ga zubin adashi, ga tunanin kayan ɗakin 'ya, ga gudummawar biki uku a wata ɗaya, ita ce ta fi kowa sanin abin da nake faɗi, ita ce kuma ba a tambaya. In ta ce kanta na ciwo a ce mita. In ta yi shiru a ce ta cika fushi. Baffa, kai da ka ce haƙuri ka gada, ka taɓa lissafa nawa daga cikin haƙurin nan Inna ce ke yi maka shi? Bar ta ta je gidan 'yar'uwarta ta wuni, su yi hirarsu su yi kukansu su yi dariyarsu. Ɗauki yaron nan ka fita da shi majalisa awa ɗaya. Rawaninka ba zai faɗi ba.

Akwai wanda ba zan zolaya ba. Wani bawan Allah daga gabashin Rabah ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Zo ka kwana garinmu dare ɗaya, ka gwada muna wanga numfashi naka." Ban da amsa. Wanda ya ga mutanen da suka kwararo Gandi a 2018 suna gudun mahara, da abin da suka iya ɗauka a ka, ko ya san harin da aka kai kasuwar Goronyo ranar wata Lahadi a watan Oktoban 2021, ya san akwai fargabar da ba tunani ne ya ƙirƙiro ta ba. Maganin wannan tsaro ne, kuma yana wuyan masu mulki. Abin da kawai zan ce, wanda ya tsira daga irin wannan, ya zama ƙarar babur na sa shi zabura, mafarki ɗaya na dawo masa kullum, ba ragwanci ba ne, ba kuma aljanu ba ne. Rauni ne, kuma ana jinyarsa.

Ga masu cewa hutu na malalata ne kuwa, ku tuna ɗan Rabah. Sardauna Ahmadu Bello, da Arewa gaba ɗaya a kansa daga 1954 har 1966, an san shi da wasan fayis, wanda ake buga ƙwallo a bango da tafin hannu, tun yana Kwalejin Katsina. Firimiya ya samu lokacin yin gumi don nishaɗi, kai mai fangali arba'in ka ce ba ka da lokacin taka ƙafa zuwa bakin gulbi ka dawo? Kuma kada wani ya ce min ai noma ma motsa jiki ne. Wanda ke huɗa yana lissafin bashi, jikinsa ne a gona, kansa na kotu.

Numfashin da kuke yi min ba'a da shi ma, ku gwada kafin ku yi dariya. In rai ya ɓaci, ja iska ta hanci a hankali, ka sake ta a hankali fiye da yadda ka ja, sau biyar ko shida, zuciya takan rage gudu. Ba ku ga an hore mu da cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, ya yi alwala ba? Duk hanyar ɗaya ce. In kuwa abu ya wuce mako biyu, ba barci, ba cin abinci, abin da ke faranta maka rai ya daina, ko ka fara jin gara mutuwa, to ya wuce shayi da hira, a nemi likita. Akwai asibitin gwamnatin tarayya na ƙwaƙwalwa a Kware. Na san da na ambaci Kware wani ya ce, "Au, mahaukata ka mai da mu?" Mafi yawan masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su karɓi magani, su hau mota su koma gonarsu. Kuma a riƙa auna jini. In awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko sama, hawan jini ne, kuma sau da yawa ba ya sallama kafin ya kayar da mutum. Na san Wurno gidan tafarnuwa ce, na san za ku ce kuna ci kullum. Ku ci, tana gyara miya. Amma wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya ajiye shi don ya tauna ɗiya uku.

Jiya bayan Magariba ina zaune ƙofar gida sai ga Baffa, ya waiga dama ya waiga hagu, ya tsuguna kusa da ni. Ya ce in zan shiga Wurno gobe in biya ta gidansa da babur. Na ce lafiya dai? Ya ce lafiya lau, asibiti yake so in sauke shi. Na ce to, Baffa, ko dai cutar 'yan boko ce ta kama mu?

Ya harare ni. "Kai, rufa min baki. Abin ga da a ka ɗaura ma mutum ga hannu shina kumbura ni ka son gani. Kuma in ka hwaɗi ga mai shayi, ban yahe ba."